Gashin ciwon daji: Kebbi na jiran na'ura, amma wa zai sarrafa ta?

A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sababbin cibiyoyin kula da ciwon daji a Katsina, Enugu da Benin. Su ne kashin farko na cibiyoyi shida da Shugaba Bola Tinubu ya amince da su a watan Fabrairun 2024 bisa haɗin gwiwa da hukumar zuba jari ta NSIA. Sauran ukun na Zariya, Jos da Legas ne. Babu Kebbi a jerin. Saboda haka matar da aka gano tana da sankarar mama a Maiyama, ko mai sankarar bakin mahaifa a Jega, har yanzu sai ta bi hanyar Aliero da Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100, idan likita ya rubuta mata gashi.

Muhawarar da ake yi kan wannan matsala ta fi karkata ga sayen na'ura, kuma akwai dalili. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar kusan 128,000 a Najeriya, yayin da kusan 80,000 suka rasu. Kimanin rabin masu ciwon daji na buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Ma'aunin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, shi ne na'ura ɗaya ta ɗauki marasa lafiya 400 zuwa 500 a shekara. Da wannan lissafi ƙasar na buƙatar na'urori fiye da 120, alhali waɗanda ke aiki ba su kai ko kusa da rabin haka ba.

Sai dai akwai giɓi na biyu da ba kasafai 'yan siyasa ke ambatonsa ba, domin ba a yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida. Shi ne horon ɗaliban rediyogirafi, wato masu karatun ɗaukar hoton asibiti, a ɗakin gashi.

Likitan ciwon daji ne ke yanke yawan hasken da za a ba majinyaci, masanin kimiyyar lissafin haske kuma ya auna na'urar ya tabbatar da tsarin. Amma wanda ke tare da majinyacin kowace rana shi ne ma'aikacin rediyogirafi. Shi ke ɗaukar hoton da za a tsara gashin a kai, ya sanya alamomi a fata, ya kwantar da majinyaci daidai yadda ya kwanta jiya da shekaranjiya, sannan ya kunna na'urar. Ana raba gashi ne kashi-kashi, galibi kwana biyar a mako na tsawon makonni biyar zuwa bakwai. Kuskuren 'yan milimitoci na iya sa hasken ya kauce wa ƙarin ya ƙona lafiyayyen hanji, huhu ko laka. Shi ne kuma zai fara lura idan fata ta soma saɓulewa, ko majinyaci ya rame har tsarin farko ya daina dacewa da jikinsa.

Irin wannan ƙwarewa ba ta samuwa a aji. A Najeriya karatun digirin rediyogirafi shekara biyar ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, ƙarƙashin kulawar hukumar yi wa masu wannan sana'a rajista, wadda aka kafa da doka a 1987. Digiri ɗaya ne ya haɗa ɗaukar hoto da gashi, saɓanin Birtaniya inda gashi ke da digirinsa na daban. Na'urar hoton ƙashi da ta duban ciki suna nan a manyan asibitoci da yawa, don haka ɗalibi na samun watanni yana gwada hannunsa. Na'urar gashi kuwa sai a cibiyoyi ƙalilan. Jami'o'in Sakkwato, Bayero ta Kano da Maiduguri duk suna yaye ɗaliban wannan fanni, kuma dole su yi rububin 'yan guraben da ke akwai. An sha ganin na'urorin asibitocin gwamnati sun tsaya na watanni saboda lalacewa. Idan hakan ya faɗo a zangon da aka tura ɗalibai, majinyaci ya rasa magani, ɗalibi kuma ya kammala da ilimin takarda kawai.

Duniya ta ga illar ƙarancin horo. A garin Efinal na Faransa, tsakanin 2004 da 2005, an ba masu ciwon daji fiye da 20 hasken da ya wuce ƙima, wasu suka rasu. Bincike ya gano cewa an sauya hanyar aiki ba tare da an horar da ma'aikata yadda ya kamata ba, manhajar kuma da Turanci take babu jagora da Faransanci. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da wadatar kayan aiki, babu hujjar ɗauka cewa sabuwar na'ura kaɗai za ta tsare majinyacin Kebbi.

Jihar ba ta rasa tubalin da za ta ɗora a kai ba. Aliero, garin albasa da masu ɗorin gargajiya, na da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Jega na da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya da ke yaye ma'aikatan asibitocin matakin farko. Ta fuskar faɗa-a-ji ma akwai dama: a 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar, a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC. Cibiyar bincike da magance ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, kuma ta fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu, ƙwararren likitan gashi da ya fito daga asibitin koyarwa na Sakkwato.

Matakin da ya fi sauƙi shi ne gwamnatin jiha ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da Sakkwato da Katsina domin ware wa 'yan Kebbi masu karatun rediyogirafi guraben horo na watanni a ɗakin gashi, ta biya musu kuɗin masauki da sufuri. Ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe kundin da ke nuna adadin marasa lafiyar da ya kwantar da hannunsa a gaban malami, domin sa hannun halarta kaɗai ba ya nuna iyawa. Tallafin kuma ya zo da sharaɗin dawowa aiki na wasu shekaru, tare da albashin da zai rage kwaɗayin tafiya Birtaniya ko Saudiyya.

Kwalejin Jega na da nata rabon. Ma'aikacin lafiya a ƙauyen Maiyama shi ne majinyaciya za ta fara gani idan ta dawo gida da ƙunar fata ko gudawa. Idan ya san cewa gashin sankarar bakin mahaifa ya kamata a kammala shi cikin makonni takwas, kuma kowane jinkiri na rage damar warkewa, zai lallashe ta ta koma Sakkwato maimakon ta yanke jinya.

Masu ganin bai dace jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mace-macen mata wajen haihuwa ta kashe kuɗi a nan ba suna da hujja. Amma horar da ɗalibai goma bai kai ko kaɗan daga farashin na'ura ɗaya ba, kuma waɗanda aka horar za su yi aikin hoto a Birnin Kebbi, Kalgo da Jega kafin na'urar ta iso. Ana iya sayo na'ura a kafa ta cikin shekara ɗaya ko biyu, amma samar da wanda zai sarrafa ta na cin aƙalla shekara shida. Tambayar da ya kamata matasa su yi wa 'yan majalisar dokokin jiha idan kasafin lafiya ya zo gabansu ita ce: 'yan Kebbi nawa ne ke koyon gashi a yau, kuma nawa aka ware musu?