Yajin da Ba Shi da Gidan Zuwa a Kudancin Kogin Kaduna

A al'adar Bahaushe, matar da zaman aure ya yi wa zafi takan yi yaji zuwa gidan iyayenta, daga baya miji ya je biko, manya su sasanta. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne a kan zaton cewa akwai gidan da za ta nufa. A ganina, irin wannan zato ne ya bi hukumomin da ke agaza wa matan da aka ci zarafinsu, shi ya sa wadda ba ta da matsuguni take sullucewa ta tsakanin yatsunsu.

Jihar Kaduna ba ta rasa dokoki ba. A 2018 ta kafa tata dokar hana cin zarafin jama'a, bisa tafarkin ta tarayya ta 2015, wadda ta mayar da korar mace daga gidan aurenta da ƙarfi laifi. A 2020 kuma aka tsananta hukuncin fyaɗe har zuwa dandaƙa da kisa. Akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ba su magani da shawara. Aiki ne abin yabo. Amma bayan an sallame ta, ina za ta kwana? Wadda ke raɓawa a rumfar kasuwa ko a tashar mota a Sabon Tasha, wurin da aka keta haddinta nan za ta koma. Ba ta da adireshin da ɗan sanda zai rubuta, ba ta da kuɗin motar zuwa kotu duk sa'ad da aka ɗage zama, sai shari'ar ta mutu da kanta.

Tarihin yankin ya ƙara dagula lamarin. Masaƙun Kakuri sun tara baƙi daga nesa tun daga 1957, rufewarsu kuma ta bar iyalai ba albashi, ba dangi a kusa. Rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin biyu, har ya zama wata 'yan uwanta suna ƙetaren kogi, inda ba ta jin za ta iya zama.

Mu manazarta Hausa akwai namu kason. Harshenmu yana da bazawara da mai yaji, amma da zarar mace ta rasa rufin kwana, sai a jefa ta cikin "masu zaman kansu", laƙabin da ke yanke mata hukunci tun kafin ta buɗe baki. Wadda aka liƙa wa wannan suna da wuya ta kai ƙara, in ma ta kai da wuya a gaskata ta.

Abin da ya kamata shi ne a haɗa kowace cibiyar agaji da masauki na watanni, a karɓi ƙarar mace ko ba ta da adireshi, a kuma naɗa mata jami'a guda da za ta raka ta daga asibiti har zuwa ranar yanke hukunci.