Zauren Uwargida: Rumfa a Tsakar Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya zaunuwa, ga yara, ga baƙi, ga ɗaukewar wuta. Ba lallai sai an ƙara ɗaki ba, rumfa mai daɓe a tsakar gida ta wadatar.

Uwargida, ke ce mai wuni a gidan, don haka ki zauna da maigida kafin a kira magini. A Amurka da katako ake shimfiɗa irin wannan dandamali a bayan gida, mu kuwa gara ba za ta bar mana shi ba. Daɓen siminti ya fi. A ɗaga shi kamar inci 6, a ɗan karkata shi wajen rariya don kada ruwa ya kwanta sauro ya samu wurin haihuwa. Dirkoki su zama na ƙarfe, a dasa su cikin kankare saboda iskar farkon damina. Kwano zalla zafi gare shi, a sa masa silin ko zana, murhu kuma ya yi nesa da wurin.

A kula da indararo, kada ruwan rumfarki ya riƙa cin katangar maƙwabta. Gyaran katanga ya fi gyaran zumunci sauƙi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.