Mu Bi Ruwan Nan Mu Ga Inda Ya Fito

Yaro nawa ne a Kura ko Bunkure zai iya faɗin inda ruwan da ke bi ta bayan gonar ubansa ya fito? Yawancinsu tun da aka haife su suna ganinsa, sai su ɗauka haka yake tun fil azal. Shawararmu ta wannan wata ita ce, maigida ya ware yini guda, ya ɗauki iyalinsa, su bi ruwan nan har su hau dutse su hango shi daga sama.

A Faransa wannan al'ada ce. Iyali sukan shiga mota su hau wani dutse mai suna Ventoux, wanda tsawonsa ya wuce mita 1,900, hanyar kwalta kuwa har ƙwanƙolinsa. Mu ba mu da dutse mai tsawon wannan, amma muna da abin kallo da ya ishe mu yini.

Ku tashi daga Kura da sassafe, ku bi hanyar Zariya. Dama da hagu gonakin Kadawa ne, shimfiɗe kamar tabarma. Da damina shinkafa ce, da rani kuwa alkama da tumatir da albasa. Ku nuna wa yara yadda ruwa ke barin babbar magudana ya shiga ƙanana, har ya kai kowace gona. Ba inji ke tura shi ba, gangare ne kawai. Watau duk wanda ya bi shi baya, hawa yake yi, ko da bai ji a jikinsa ba.

A wajen Bagauda sai ku bar babbar hanya ku nufi Tiga. An gina madatsar ruwan Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar nan. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6. Tsofaffin da suka ga fataken shanu suna mutuwa a waɗannan shekaru ba sa kallon tafkin nan kamar yadda yaran yau ke kallonsa. In akwai kaka a gida, ku tafi da ita, ita ce za ta yi bayanin da ya fi namu.

Daga Tiga ku bi ta Rurum zuwa Rano. A nan ƙasa ta sake kama. Ga duwatsu, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su, ga kuka da ɗorawa da kaɗanya a tsakaninsu. Rano kuwa tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ku yi sallama da mutanen wurin, ku tambayi dutsen da ake hawa, ku nemi wanda zai yi muku jagora. Baƙo ba ya hawan dutsen mutane gaba gaɗi.

Daga sama za ku ga abin da ba a gani a ƙasa. Inda ruwa ya kai kore ne shar, inda bai kai ba kuwa ja ne. Ku gaya wa yara cewa Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore. In an sare itatuwan can, ruwan sama sai ya kwaso ƙasa ya zuba a tafki, tafki ya cushe a hankali. Haka ya faru da dutsen nan na Faransa: an sare dajinsa ƙarƙaf, sai daga wajen 1860 aka shiga sake dasa shi, aikin shekaru da yawa. Ku gaya musu kuma, ruwan ba namu ba ne mu kaɗai. Bayan ya haɗu da Kogin Challawa, shi ne ke zuwa Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya ke jiransa. Manomin da ya buɗe ruwa ya tafi hira, rabon wani ya zubar.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya rufe gari. Uwargida ta shirya guzuri da ruwan sha tun dare. Direba ya duba tayar safaya. A hau dutse kafin rana ta yi tsaka, a sa takalmi mai riƙe ƙafa, kada yaro ya cusa hannu a ƙarƙashin dutse. Kada kuma a bar kowa ya yi wanka a magudana: ruwan yana da ƙarfi, yana kuma sa tsargiya. In babu mota, gida biyu ko uku sai su haɗa kuɗi su ɗauki shata.

Ku dawo ta Bunkure da Karfi, ku iso gida kafin magariba. Da dare, maigida ya tambayi kowane yaro abu ɗaya da ya gani. Amsar ƙaramin cikinsu za ta ba ku mamaki.