Tarik Skubal: Shin Detroit ta sayar da gwarzonta ko ta riƙe shi na shekara ɗaya?

Tun bayan kammala kakar 2025 ta gasar ƙwallon besbol ta Amurka, MLB, babu sunan da ake ta ambato a kasuwar 'yan wasa kamar na Tarik Skubal, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Detroit Tigers.

Raɗe-raɗin da ake yi shi ne manyan ƙungiyoyi masu kuɗi, irin su Los Angeles Dodgers da New York Mets, za su iya miƙa wa Detroit wasu matasan 'yan wasansu masu tasowa domin su karɓe shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kakar 2026. Daga nan yana da 'yancin zuwa duk inda ya ga dama.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin wannan hali. Tottenham ta sayar da Harry Kane ga Bayern Munich a 2023 saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ita kuwa PSG ta riƙe Kylian Mbappe har ya tafi Real Madrid a kyauta a 2024.

Bambancin shi ne a besbol ba a saba sayen babban ɗan wasa da tsabar kuɗi ba. Musaya ake yi, ka ba ni gwarzo ɗaya, in ba ka matasa uku ko huɗu waɗanda akasarinsu ba su taɓa buga babbar gasa ba.

Wane ne Skubal?

Skubal bahago ne mai shekara 29, wanda Detroit ta ɗauko daga Jami'ar Seattle a 2018, a zagaye na tara na zaɓen sabbin 'yan wasa, lokacin da ba kowa ya damu da shi ba.

A besbol, mai jefa ƙwallo shi ne ke fuskantar masu bugu da sanda ɗaya bayan ɗaya, aikinsa kuma shi ne ya hana su cin maki. Kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, amma mai jifa irin Skubal yakan fito ne sau ɗaya a kusan kwana biyar, wato wasa talatin da 'yan kai.

A 2024 ya ci wasa 18, ya sallami masu bugu 228 da jifansa kaɗai. A 2025 adadin ya kai 241, kuma matsakaicin makin da aka ci daga gare shi a kowane zagaye tara bai wuce 2.21 ba.

Ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa a ɓangaren American League shekara biyu a jere. Rabon da wani ya yi haka a wannan ɓangare tun Pedro Martinez a 1999 da 2000.

Me ya sa ake tunanin sayar da shi?

Amsar ita ce kuɗi. A 2025 albashinsa dala miliyan 10.15 ne, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka dubi aikin da yake yi.

Kwantiragi mafi tsoka da aka taɓa bai wa mai jifa zalla shi ne na Yoshinobu Yamamoto, dala miliyan 325 na shekara 12 a Dodgers. Kafin shi akwai na Gerrit Cole, dala miliyan 324 na shekara tara a New York Yankees. Ana sa ran Skubal zai nemi abin da ya haura haka.

Wakilinsa kuma Scott Boras ne, wanda ya yi suna wajen kai 'yan wasansa kasuwa maimakon sabunta kwantiragi da wuri.

Idan Detroit ta riƙe shi har ya tafi, abin da za ta samu diyya bai wuce ƙarin gurbi ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa ba. Ga kuma haɗarin rauni: an yi masa tiyata a gwiwar hannu tun yana jami'a, aka sake yi masa wata a hannun jifan a 2022.

Nawa ake biya kan shekara ɗaya?

A nan ne lissafin masu cewa a sayar ke samun tangarɗa, domin farashin ɗan wasa a wannan kasuwa ya dogara ne da yawan shekarun da suka rage masa, ba ƙwarewarsa kaɗai ba.

A Disamban 2024, Boston Red Sox ta bai wa Chicago White Sox matasa huɗu, ciki har da Kyle Teel da Braden Montgomery, ta karɓi Garrett Crochet. Amma Crochet yana da sauran shekara biyu a lokacin, kuma daga baya ya sa hannu kan sabon kwantiragin shekara shida na dala miliyan 170.

Wanda ya fi kama da Skubal shi ne Corbin Burnes. A Fabrairun 2024 Milwaukee Brewers ta tura shi Baltimore Orioles saura shekara ɗaya, ta karɓi Joey Ortiz da DL Hall da gurbin zaɓe ɗaya.

Baltimore ta ci moriyarsa kaka guda, aka fitar da ita a zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale, shi kuma ya wuce Arizona kan dala miliyan 210. Wannan ya isa ya sa duk ƙungiyar da ke zawarcin Skubal ta yi taka-tsantsan da abin da za ta bayar.

Milwaukee kuwa ba ta durƙushe ba. Ta lashe rukuninta a 2024 da 2025, har ta fi kowace ƙungiya yawan nasara a 2025 da wasa 97. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son a sayar, kuma ba za a raina ta ba.

Sai dai abin da Milwaukee ta samu 'yan wasa ne masu amfani, babu wanda ya maye gurbin Burnes a cikinsu. Ƙarfin da ta riga ta tara ne ya riƙe ta.

Detroit ta ɗanɗani ɓangarorin biyu

Babu garin da ya san daɗi da ɗacin irin wannan ciniki kamar Detroit.

A 1987 ita ce mai saye. Ta bai wa Atlanta wani matashi ɗan shekara 20 mai suna John Smoltz, ta karɓi tsohon hannu Doyle Alexander. Alexander ya ci wasa tara ba a doke shi ko sau ɗaya ba, Detroit ta lashe rukuninta, amma Minnesota ta fitar da ita kafin wasan ƙarshe. Smoltz kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifa a tarihi.

A 2017 ita ce mai sayarwa. Ta tura Justin Verlander zuwa Houston Astros, ta karɓi Franklin Perez da Daz Cameron da Jake Rogers. Houston ta ɗauki kofin World Series a shekarar, Verlander ya ƙara lashe Cy Young biyu a can.

Perez, wanda aka fi ɗora wa buri, rauni ya hana shi buga babbar gasa ko sau ɗaya. Rogers ne kaɗai ya samu gurbi mai ɗorewa a ƙungiyar.

Darasin shi ne matashi mai tasowa alƙawari ne kawai. Wani ya zama Smoltz, da yawa kuma su ƙare kamar Perez.

Ina Detroit take a yanzu?

Lokacin da White Sox ta sayar da Crochet, ta fito ne daga kakar da ta sha kashi a wasa 121. Lokacin da Detroit ta sayar da Verlander, ita ma rushe ƙungiya take yi don sake gini. Babu abin da gwarzo ɗaya zai tsinana musu.

Detroit ta yau ba haka take ba. Shekara biyu a jere tana kai wa zagaye na biyu na sili-ɗaya-ƙwale, kuma duka biyun sai a wasa na biyar na raba gardama aka fitar da ita, Cleveland a 2024, Seattle a 2025.

A wasan Seattle, Skubal ya sallami masu bugu 13 a zagaye shida, maki ɗaya kawai aka ci daga gare shi. An tafi har zagaye 15 kafin Detroit ta faɗi da ci 3 da 2. Matsalar tana wajen masu bugu.

Masu bugun kuma suna tafe. A 2025 Kevin McGonigle da Max Clark na cikin matasan da aka fi yabawa a ƙananan gasanni, kuma na Detroit ne. Abin da ba ta da shi, ba za ta samu a wani wuri ba, shi ne wani Skubal.

To mene ne mafita?

Shawarar tana hannun Scott Harris, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar. Sauraron tayi ba laifi ba ne, aikinsa ne ma.

Idan wata ƙungiya ta kawo 'yan wasa biyu ko uku da suka riga suka nuna kansu a babbar gasa, ciki har da mai jifa da zai fara aiki nan take, to akwai magana. Idan kuwa tayin irin na Burnes ne, Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Riƙe shi ma bai rufe ƙofa ba. Kasuwar musaya na buɗe har wajajen ƙarshen watan Yuli. Idan kaka ta lalace, za a iya sayar da shi a lokacin, ko da farashin ya ragu. Idan tana tafiya daidai, Detroit za ta shiga watan Oktoba da mai jifan da kowa ke tsoro.

Rabon Detroit da kofin World Series tun 1984. Magoya bayan da suka yi jiran sama da shekara arba'in za su fi yafe wa Harris idan Skubal ya tafi bayan an gwada da shi, fiye da idan suka gan shi yana ɗaga kofi a Los Angeles alhali su ana ce musu su ƙara haƙuri.