Zancen murhu: naman layya da baƙin salla

 

Sallar layya ta kusa. Zancenmu na wannan wata na uwar gida ne, amma mai gida ya tsaya ya saurara, don da shi za mu fara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kun san salla ba ta tsayawa wuri guda. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2024 tsakiyar watan Yuni ce. A 2025 farkon Yuni. A 2026 ƙarshen watan Mayu. Ke nan a waɗannan shekaru layya tana faɗowa cikin bazara ko bakin damana. Lokacin nan rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, bisashe sun rame, nono ya yi wuya, ga zafi, ga shuka tana jira. Sallar da ta zo da kaka daban, wadda ta zo da bazara daban.

Don haka kafin a tafi kasuwar raguna, a fara leƙa rumbu. Mai gida da uwar gida su zauna su yi lissafi. Ga misali. Gidan da ke cin tiya 2 ta hatsi kowace rana, tiya 60 yake ci a wata. Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabon hatsi ke shigowa, wata 4 ne. Tiya 240 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. To buhu 6 gidan nan yake bukata kafin girbi, ban da iri, ban da abin da za a ciyar da masu taya noma. In an ware wannan, abin da ya rage shi ne na salla. Iri kuwa ba a taɓa shi, ko baƙo daga Makka ya zo.

Malamanmu sun bayyana: layya sunna ce ga wanda yake da hali. Wanda zai taɓa cimakar iyalinsa kafin ya sami kuɗin rago, ba a ɗora masa ba. Kuma ba rago kaɗai ake yi da shi ba. Tunkiya ko akuya ko bunsuru da ya cika shekara, mai lafiya, ba makaho ba, ba gurgu ba, ba ramamme ba, ya isa. Abin da ke sa mutum ya ci bashi ko ya jinginar da gona, sau da yawa idon maƙwabta ne. Maƙwabcin nan kuwa ba zai zo ya taya ka biya ba. In kana shakka, je ka tambayi limamin garinku.

Ku makiyaya da masu kiwon turke, wannan kasuwarku ce. Wanda ya ɗaure balami ko uda wata uku, ya ba shi harawa da dusa da kanwa, yanzu zai ga ladan wahalarsa. Shawara guda: ran da kuɗin rago suka shigo hannu, a sayi hatsi tun kafin a bar kasuwa. Kuɗi cikin aljihu ranar jajibirin salla ba su kwana. Tunkiya mai ciki kada a sai da ita don yanka, garken baɗi ce. Dabbar da aka yi wa allura ko aka ba magani kwanan nan, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a ci namanta, don magani yana daɗewa cikin nama.

To, uwar gida, ga naki.

Masu rubuta littattafan girki a birane suna da shawarwari da yawa game da tarbar baƙi. Mafi yawansu na mai firigo ne da murhun gas. Amma akwai guda da ta dace da kowa: abin da ba ya lalacewa a gama shi tun da wuri, ranar biki a bar wa abin da ba ya jira. Kakanninmu mata sun san wannan tun ba a rubuta shi ba. Kwana uku ko huɗu kafin salla ki daka yajinki: barkono, citta, kanumfari, masoro, ƙuli-ƙuli da gishiri. Ki surfe hatsi, ki wanke, ki shanya. Ki tanadi daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, gabu da man gujiya. Albasa kuwa Allah ya ba ƙasarmu ta Galmi, wadda ake biɗa har ƙasashen bakin teku. Icce da ruwa su ma aikin kafin salla ne. A raba wa yara da samari, kada ya zama ke kaɗai ce kike rijiya da asuba, kike gindin murhu da hantsi. Tukwane, tasoshi da randar da za a aje nama, a wanke su, a kife su a rana su bushe sarai.

Ranar salla ba a yanka sai liman ya yanka nasa. Wurin fiɗa ya zama mai inuwa, an share, an shimfiɗa tabarma mai tsabta ko ganye. Buhun taki da buhun da ya taɓa maganin ƙwari, kada a ɗora nama a kansu. Haka ma gwangwani ko jarkar maganin feshi: ko an wanke sau goma, ba mazubin abinci ba ne, ba na ruwan sha ba ne.

Mai fiɗa ya buɗe ido wajen kayan ciki. Wani lokaci za ka ga ƙulli a jikin hanta ko huhu, fari, cike da ruwa. Mutane sukan yanke shi su jefa wa kare. Wannan shi ne babban kuskure. Cikin ƙullin akwai ƴaƴan tsutsa. In kare ya ci, tsutsar tana girma cikin hanjinsa, ƙwanta yana fita tare da kashinsa. Tumaki su kwashe shi wajen kiwo. Yaro mai wasa da ƙasa ko da karen ya kai hannu baki, ya haɗiye. Bayan shekaru irin wannan ƙulli ya fito masa a hanta ko huhu, har ta kai ga aikin asibiti. Saboda haka a ƙone wurin da ya lalace, ko a gina rami mai zurfi a binne. Hantar da aka tarar da tsutsa mai faɗi kamar ganye a cikinta, ita ma a binne ta.

Kayan ciki su ne ba su jira. Hanta, ƙoda, zuciya, tumbi da hanji, a wanke su da ruwa mai yawa, a soya a ranar. Kai da ƙafafu a babbake su tun ranar, a kankare, a ɗora langaɓu da marece ko da sassafe.

A ƙasarmu ga yadda aka saba: a baza rago bisa icce biyu gicciye, a kafa shi gefen wuta, ya yini yana gasuwa, washegari a yi rabo. Dabara ce mai kyau, don wuta da hayaƙi suna tsane ruwan nama, suna korar ƙuda. Sai dai tana cin icce, icce kuma kun san yadda ya zama. Gida uku ko huɗu su haɗa wuta guda, su jera ragunansu kewaye da ita. Wutar ta zama ta garwashi mai ɗorewa. Harshen wuta yana ƙone baya, ya bar ciki ɗanye. A tsaga cinya da kafaɗa da wuƙa don zafi ya shiga. A aje tasa ƙarƙashi ta tari kitsen da ke ɗiga, za a bukace shi. Da dare a rataye naman inda iska ke ratsawa, inda kare da kyanwa ba su kai.

Rago mai kilo 40 a tsaye, in an fiɗe, abin da ke saura bai cika kai rabin haka ba, har da ƙashi. A ciki za a ci, a ba dangi da maƙwabta, a yi sadaka. Ba a sai da naman layya, ba a sai da fatarsa, ba a biyan mai fiɗa da shi. Wajen rabo a fara da gidan da ba a yanka ba: gwauruwa, marayu, tsoho da ba shi da kowa. Mun sha ganin cinya ta tashi daga gidan mai rago ta tafi gidan mai rago biyu, alhali gidan da ke tsakaninsu ko ƙashi bai gani ba.

Abin da ya rage wa gida, nan ne gwanintar uwar gida take. Ruwa ne ke ruɓar da nama, sai a raba shi da ruwa. Ki yanka ƙanana, kamar girman goro. Ki tafasa da gishiri, albasa, citta da kanumfari, da ruwa kaɗan, har ruwan ya kusa tsotsewa. Ki narka kitse, ki ƙara man gujiya in bai isa ba. Ki soya kaɗan-kaɗan, kada ki cika tukunya. Muddin mai yana kumfa yana ƙara, akwai sauran ruwa cikin naman. In ya yi shiru, naman ya yi ja ya yi ƙarfi, to ya soyu. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, don in kin rufe da zafi, tururi zai koma ruwa cikin tukunya. Ki zuba a busasshen mazubi mai murfi, ki kwarara kitse bisa har ya rufe shi. In za ki ɗiba, da busasshen cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba. Bayan ƴan kwanaki ki duba, ki sake ɗumama shi a wuta. Wanda ya yi yauƙi, ko fumfuna, ko wari, a binne shi, yaji ba ya gyara ruɓaɓɓen nama.

Tsokar da ba ta da kitse tana yin dambun nama: a dafa ta yi laushi, a daka a turmi, a soya da yaji har ta bushe. Shi ne ya fi sauƙi ga tsofaffi da yara. Kilishi ma yana daɗewa, amma yana son rana mai ƙarfi da iska busasshiya. In hadari ya fara haɗuwa, suya ta fi aminci. Ƙasusuwa kuwa a ƙyafe su da kyau a rataye. Guda biyu cikin miyar kuka sun isa su canza ta.

Soyayyen naman nan kada a cinye shi cikin kwana uku kamar gujiya. Ga noma tafe. Ran da mai gida da samari suka yini suna shuka ko noman fari, tsoka huɗu ko biyar cikin miya za su yi rana.

Sai baƙi. Baƙon salla da ya sha rana, abin da yake so da farko ruwa ne mai sanyi mai tsabta, sa'an nan hura. In nono ya yi wuya, kunun tsamiya ba abin kunya ba ne. Ba sai an sayi shinkafa da makaroni bashi ba. Dambun hatsi da zogale, da albasa da ɗan mai, a ɗora tsoka biyu bisa, abinci ne na fita kunya. Tuwo da miya mai romon kai haka. In akwai shinkafa kaɗan, a haɗa ta da wake, ta yi auki, ta riƙe ciki. Nama cikin miya yana isar mutum goma, wanda in gasasshe aka miƙa, mutum uku za su tashi da shi.

Da zafin nan gara a yi girki sau biyu kaɗan-kaɗan da a yi sau ɗaya mai yawa. Abincin da aka sauke da hantsi ya yini a rufe cikin ɗaki, kafin marece ya fara juyawa ko hanci bai ji ba. In ya kwana ko ya jima, a maida shi wuta har ya yi tururi ciki da waje. A aje buta da sabulu bakin zaure, kowa ya wanke hannu kafin ya sa cikin kwano. Murhun laka da aka kewaye ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi yana rage cin icce, kuma yaro ba ya faɗawa wuta da sauƙi cikin hidimar salla.

Akwai waɗanda ake mantawa ranar nan, su ne kuwa suka fi bukatar naman: ƙananan yara, mai ciki da mai goyo. Kwanon maza ya tafi zaure da tsoka, yara su sami romo. Kuma in yaro ɗan shekara biyu yana ci kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya tauna loma guda sun share. A ba shi kwanonsa daban, uwa ta zauna kusa da shi. Jaririn da ya cika wata 6 yana iya cin nama ko hanta in an dafa sosai, an daka lilis, an dama cikin kununsa, cokali ɗaya ko biyu, ba tare da barkono ba, kuma a ci gaba da ba shi nono. Hanta tana ƙara jini, tana maganin dundumi, wato rashin gani da dare. Mai ciki ta ci tsoka ta ƙoshi, hanta kuwa ɗan yanki ya ishe ta. Ita uwar gida da ta yini gaban wuta, ta ɗebe nata kafin kwanoni su fita.

Yaron da ya jima bai ci nama ba, in ya cika ciki da kitse rana ɗaya, zawo na iya biyowa. A ba shi kaɗan-kaɗan. In zawo ya kama shi, kada a hana shi ruwa, kada a hana shi nono ko abinci. A karɓo garin nan na ruwan gishiri da sukari a likita, a dama ƙunshi guda cikin adadin ruwa mai tsabta da aka faɗa muku, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In akwai jini cikin zawon, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kai shi likita nan take, kada a ce sai salla ta wuce.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ganyayen damana, tafasa, yaɗiya, rama da lalo, da yadda ake shanya su a inuwa don miyar rani. Mai tambaya ko mai wata dabara ta aje nama da ba mu faɗa ba, ya rubuto, ko ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko mana. Allah ya kai mu salla lafiya.