Sabon Marubucin Hausa da Zaman Jiran Gawon Shanu

 Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, mu 'yan bokon da Allah Ya nufa da fitowa ƙasashen waje neman ilmi. Da zarar hira ta faɗa kan adabin Hausa, sai ka ji wani ya taɓe baki ya ce ai rubutu ya mutu tun ranar da su Abubakar Imam suka kau, abin da ya rage a kasuwa sai tarkacen soyayya. Ni kuwa ina ganin wannan magana zalunci ce tsagwaronta. Marubuta ba su ƙare a ƙasar Hausa ba. Abin da ya ƙare shi ne hanyar da rubutu ke bi daga hannun mai shi zuwa hannun mai karatu, kuma muna cikin waɗanda suka naɗe hannu suna kallo har ta toshe.

Kafin mu yanke wa sabon marubuci hukunci, ya kamata mu san yadda yake kwana yake tashi. Galibi malamin makaranta ne, ko ƙaramin ma'aikaci, ko ɗaliba, ko matar aure da sai ta sallami girki da yara sannan ta ɗauki biro. Da dare ake rubutun, in an ɗauke wuta a kunna fitila. Bayan wata da watanni labari ya kammala, daga nan ne wahala ke soma sallama. Sai ya nemi kuɗin da zai biya mai buga masa a kwamfuta, wanda sau da yawa bai san bambancin "ƙ" da "k" ba, balle ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Ya gama da wannan, sai ya kwashi takardu ya shiga neman wanda zai duba masa. Malamin jami'a ya karɓa ya ce a dawo bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa a ce ya yi tafiya. Kamfanin ɗab'i ya ce a bar kwafi, za a neme shi. Shekara ta zagayo, ba kira, ba wasiƙa, ba ma wanda zai ce masa littafin bai yi ba don ya san matsayinsa. A gida kuwa an fara yi masa ba'a, ana kiransa "marubuci" da wata irin murya. Abokai na tambaya, "Yaushe za mu ga littafin?" shi kuma kullum amsarsa guda, "Yana hanya."

Idan ya gaji da jira, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sayar da labarin ɗungurungum ga ɗan kasuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya yi bankwana da shi har abada, ko kuwa ya ci bashi, ya sayar da akuya ko 'yan kunne, ya je maɗaba'a da kansa. Nan zai zama shi ne edita, shi ne mai sayen takarda, shi ne mai ciniki da mai zanen bango, shi ne ɗan dako. Wannan ne dalilin da ya sa kuke ganin labari guda an datsa shi littafi na ɗaya, na biyu, na uku: kuɗin buga shi gaba ɗaya ne babu, sai an sayar da na farko a samu na fitar da na biyu. Ya kai wa diloli a kasuwa, su karɓa bashi, su ce sai an sayar. Wanda ya yi wata shida yana rubutu sai ya koma yin wata shida yana sintirin karɓar kuɗinsa. Yanzu don Allah, mutumin da aka ɗora wa kayan mutum bakwai, shi za mu tsare da tambayar me ya sa tafiyarsa ba ta da kyau?

Masu cewa na da sun fi na yanzu, ina so su koma tarihi su duba yadda na da ɗin suka samu fitowa. A 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana da shekara 22 kacal a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Sabon marubuci ne kamar kowane. Amma ya samu wanda ya karanta aikinsa, ya gyara, ya buga, ya kai shi makarantu. A 1936 aka ɗauko shi daga aji aka kawo shi Zariya musamman don ya zauna ya yi rubutu, daga nan Magana Jari Ce ta fito. Ba ina yabon Turawan mulkin mallaka ba ne, don kansu suka yi, suna neman abin da ɗaliban boko za su karanta. Amma sun gane abu guda da muka kasa ganewa: baiwa ita kaɗai ba ta zama littafi, sai an yi mata hidima.

Haka abin ya ci gaba da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Gasar da NNPC ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Ku lura da kyau: duk lokacin da aka buɗe ƙofa, marubuta sun shigo a guje. Sai tattalin arziki ya karye, tsarin SAP ya zo a 1986, darajar naira ta zube, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, takarda ta koma sai an shigo da ita daga waje. Manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara hankalinsu kan littattafan manhaja, inda ciniki yake tabbas. Sabon marubuci aka bar shi a rana.

Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya yi ta kansa. Daga tsakiyar shekarun 1980 su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ire-irensu suka shiga buga littattafansu da guminsu, har wasu suka haɗu suka kafa ƙungiyar Raina Kama a Kano. Me 'yan boko suka saka musu da shi? Suna! Aka laƙaba wa aikinsu "adabin kasuwar Kano", aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu kan ko ma ya cancanci a kira shi adabi. Ita kuwa gwamnati, ranar da ta tuna da marubuta, da ashana ta zo. A 2007 an ƙona littattafan hikaya a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan a 2008 Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Ban ce duk abin da aka rubuta mai kyau ne ba, akwai na zubarwa. Amma uban da bai taɓa sayen wando ga ɗansa ba, da wane baki zai yi masa faɗan yawo tsirara?

Na san akwai masu ja da ni, kuma hujjojinsu uku ne. Na farko su ce in dai rubutu ya yi kyau, zai samu mai bugawa. To ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Sai a 2012 aka fitar da fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, kuma kamfanin da ya buga ta, Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya yake. Shekara 22 littafin na gabanmu, sai da Ba'indiye ya tsallako teku ya ga darajarsa. Idan haka ta faru da wadda ta riga ta yi suna, ina ga yarinyar da ke Gumel ko Maraɗi da ba wanda ya taɓa jin sunanta?

Na biyu su ce Bahaushe ba ya karatu. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ba ni haushi. Wa ya riƙa sayen In Da So Da Ƙauna har aka yi ta sake buga shi? Wa ya riƙe shagunan hayar littattafai a unguwanni, inda kwafi guda ke zaga gida goma har bangonsa ya yage? Tun da Sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata ta mata a 2016, ɗaruruwan labarai ke shiga. Masu karatu na nan, masu rubutu na nan. Tsakaninsu ne babu gada.

Na uku su ce ai yanzu intanet ta raba gardama, kowa na iya sakin labarinsa a Wattpad ko WhatsApp ko Facebook. Gaskiya ne an rage jira, kuma wasu, musamman mata, suna samun na sabulu daga masu biyan kuɗi su karanta. Amma waya ba edita ba ce. Labarin da ake saki shafi-shafi kowane dare, masu karatu na ihun a ƙaro, yaushe mai shi zai zauna ya tace? Mutum guda ya biya, ya kwafe ya watsa wa dubu. Wani ya ɗauka ya karanta a YouTube yana cin kuɗin talla, mai labari ko na goro bai gani ba. Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma marubucin da ya kasa biyan kuɗin takarda, da me zai ɗauki lauya? Sannan abin da ke intanet ba shi da tabbas. Dandalin OkadaBooks, wanda marubuta da dama suka dogara da shi, ya rufe a 2023. Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 yana hannun mutane. Labarin da ke cikin waya, wa zai ba mu tabbacin jikokinmu za su gan shi?

Akwai kuma wata cuta da muka mayar ado, wato bikin ƙaddamar da littafi. A kama zaure, a gayyato attajirai da 'yan siyasa, mai gabatarwa ya yi ta kirari, kowa ya miƙe ya yi alkawarin kuɗi a gaban lasifika. Washegari marubuci ya koma maroƙi, yana bin ofis-ofis da ƙofar gida-gida yana jiran alkawarin da aka yi don a tafa. Littafin da aka saya da tsada a zaure sai ya ƙare a bayan mota ba a buɗe shi ba. Wannan ba tallafa wa adabi ba ne, wulaƙanta mai alƙalami ne.

Yanzu bari in dawo kanmu, domin ba don in zagi na gida na ɗauki alƙalami ba. Mu da ke Ingila da Amurka da Masar da Sudan da Malesiya da Saudiyya, mun ga yadda ake yi a wasu wurare. A nan Ingila marubuci na da wakili, kamfani na da edita, ana sa hannu a yarjejeniya, ana ba shi kasonsa daga kowane kwafi da aka sayar. Abin kunya ma, waɗannan littattafai da muke rainawa, Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ya bi su ya tara, ya tsara sunayensu don masu bincike. Da yawa cikinmu kuma da su muke rubuta kundin digiri, mu samu takarda, mu samu aiki, alhali mai littafin bai san ma an yi ba. Mun ci moriyar ganga, mun ya da kwaurenta. Babbar kyautar adabi ta Nijeriya, wadda kamfanin NLNG ke bayarwa, dala 100,000 ce, amma ta masu rubutu da Ingilishi ce. Mun yi murna da Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, kuma ya cancanta. To mai rubutu da harshen uwa fa, wa ya tanadar masa?

Saboda haka ga abin da nake kira ga wannan ƙungiya tamu ta yi, kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Na ɗaya, a kafa kwamitin masu duba rubutu daga cikinmu, waɗanda suka san ƙa'idojin rubutun Hausa, su karɓi aikin sababbin marubuta kyauta, da sharaɗin a ba kowa amsa cikin wata uku, ko da amsar ita ce a koma a sake. Na biyu, a buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa ɗan abin da ya sawwaƙa daga alawus ɗinsa, a buga ko da littafi ɗaya ne a shekara, da lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, da yarjejeniya a rubuce wadda ta bar wa marubuci haƙƙinsa. Na uku, masu karatun lauya a cikinmu su tsara takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa, wadda kowane marubuci zai iya riƙewa ya je gaban ɗan kasuwa ko mai shirya fim. Na huɗu, duk wanda zai yi nazarin littafin wani, ya saya da kuɗinsa, ya nemi mai shi, ya aika masa da abin da ya rubuta. Wanda kuma ya ga an turo masa littafin sata a waya, ya ji kunyar Allah ya goge.

Mun iya tara kuɗin walimar sallah da na bikin yaye ɗalibai, ba mu taɓa kasawa ba. Idan muka kasa tara na littafi guda, to mu daina cewa adabin Hausa ya mutu, mu faɗi gaskiya cewa mu ne muka hana shi abinci. A cikin masu jiran nan akwai wani Imam ɗin mai shekara 22, yana zaune da takardunsa a ƙarƙashin katifa. Ko dai mu miƙa masa hannu yanzu, ko kuwa mu jira wani baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya nuna mana shi, sannan mu bi shi da tafi.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon gyarawa.