"Ina Jadawali Na 4.3?" Tambayar Da Ta Kusa Kayar Da Ni A Difens

Ranar da na je kare kundin kammala ND, na shirya wa kowace irin tambaya. Na haddace manufar binciken, na san adadin mutanen da na raba wa takardar tambayoyi, har addu'a na sa an yi mini a gida. Sai ɗaya daga cikin malaman ya buɗe babi na huɗu, ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Ka rubuta a duba Jadawali na 4.3 don ganin ribar 'yan kasuwar. To ga 4.3, shekarunsu na haihuwa nake gani. Ina ribar?" Wallahi gumi ne ya karyo mini. Ribar tana nan, amma ta koma 4.4.

Abin da ya faru shi ne, saura mako biyu malamin da ke duba aikina ya ce in ƙara jadawali ɗaya a farkon babin. Na kai wa mai buga mini a shago, ya saka, ya gyara lambobin da ke saman jadawalan, amma bai bi cikin bayani ya gyara wuraren da na ambace su ba. Wuri tara. Maki ya tafi, kuma sai da na sake firintin da ɗinkin kwafi huɗu, da kuɗin da na ajiye na motar komawa gida.

Da farko mai shagon na ɗora wa laifi. Yanzu da nake HND na gane laifin namu ne duka, mu da sassanmu. Muna da kwamfuta amma amfanin tafireta muke yi da ita. Ka leƙa kundin duk wanda ke kusa da kai: da hannu aka buga 1.1 da 1.2, da hannu aka jera ɗige-ɗigen shafin ƙumshiya har zuwa lambar shafi. Da an ƙara sakin layi ɗaya, komai ya goce.

Alhali Microsoft Word ɗin da muke amfani da shi kullum an gina shi ya ɗauke mana wannan wahalar. Yana da salon kanu hawa tara, daga Heading 1 zuwa Heading 9. In ka ɗora sunan babi a kan na farko, manyan sassa a kan na biyu, ƙanana a kan na uku, sannan ka haɗa su da jerin lambobi mai hawa-hawa, shi zai riƙa ƙirga maka. Ka cusa sabon sashe tsakanin 2.3 da 2.4, na baya duk su matsa da kansu. Haka lambar jadawali da ta zane, in ta Insert Caption ka saka su. In kuma za ka ce "duba jadawali kaza", sai ka bi ta Cross-reference ka zaɓo shi, lambar ta zama a ɗaure da jadawalin. Ƙumshiya ma da dannawa biyu take fitowa.

Sai dai kada wani ya ɗauka ya samu aljani mai aiki. Manhajar tana da iyakarta, kuma rashin sanin iyakar ya sha jefa waɗanda suka fara koyo cikin abin da ya fi nawa muni.

Na farko, lambobin da ke cikin bayani ba sa sabunta kansu nan take. Ka ƙara jadawali, "duba 4.3" ɗinka na nan a 4.3 har sai ka danna Ctrl da A ka zaɓi komai, sannan ka danna F9. In kuwa ka goge abin da ake nunin, sai wani rubutu baƙi ƙirin ya bayyana a tsakiyar jimlarka: "Error! Reference source not found." Na ga kundin da aka ɗinke da wannan a ciki, mai shi bai lura ba sai a gaban malamai.

Na biyu, akwatin da ake zaɓo abin nuni a cikinsa, abin da ke cikin fayil ɗin da ka buɗe kawai yake nuna maka. Mu kuwa al'adarmu kowane babi da fayil ɗinsa, saboda babi-babi muke kai wa malami. Ka ga kenan daga babi na biyar ba za ka ga jadawalin babi na huɗu ba. Kuma kanun da ka ƙara wa girma da kauri da hannu, a wurinka kanu ne, a wurin Word rubutu ne kamar kowane.

Na uku shi ne inda tsarin makarantunmu ke karo da manhajar. Yawancin sassa suna so a rubuta "CHAPTER ONE" da haruffa, a ƙasa kuma a fara da 1.0, sannan 1.1. Ana iya sa Word ya rubuta lambar babi da haruffa, amma sai sassan ƙasa su fito "One.1", sai ka shiga ka kunna abin da ya kira Legal style numbering kafin su dawo 1.1. Shi ma 1.0 sai ka umarce shi ya fara ƙirga daga sifili. Bayan duk wannan, in ka ce lambar jadawali ta ɗauko lambar babi, sai ta ɗauko kalmar, ka ga "Table One.1". Da yawa a nan suke karaya su koma bugun hannu.

Sauran ƙanana ne. Ƙumshiya hawa uku take nunawa sai in ka ƙara mata. Google Docs, da wasunmu ke rubutu a ciki, kanu hawa shida gare shi, kuma ba ya lambata su da kansa. Masu rubutu a waya kuwa, su sani ba duk abin da ke kwamfuta ne ke cikin manhajar waya ba.

Na san wani zai ce, "Haba, ai abin da ke cikin bincike ne muhimmi, lamba ai kwalliya ce." Ban yarda ba. Mu 'yan kwalejin fasaha ne. Gobe wani zai rubuta rahoton gwajin ƙasa kafin a ɗora gini, wani takardar neman kwangila, wata rahoton binciken kuɗi. In rahotonka ya ce a duba zane na 7 don ganin kaurin rodi, aka duba aka tarar da wani abu daban, ba maki za ka rasa ba, aiki za ka rasa, in ma an yi sa'a ba a yi asarar da ta fi haka ba. Kuma in kwalliya ce, don me ake rage mana maki a kanta?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kenan. Ana hukunta mu a kan abin da ba a koya mana ba. Mun yi kwas ɗin gabatarwa ga kwamfuta, mun haddace ma'anar kwamfuta da zamunanta, mun zana allon madannai a jarrabawa, amma ni dai ban ga ranar da aka zaunar da mu aka ce ga yadda ake tsara rubutu mai shafi saba'in ba.

Don haka ga roƙona. Kowane sashe ya fitar da fayil guda na samfuri, wanda an riga an saita kanu da lambobi da ƙumshiya da shafukan farko masu lambar Romawa, a tura wa duk ɗan ajin ƙarshe. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Malamanmu kuma, don Allah a duba ko "CHAPTER 1" da lamba zai wadatar, tunda shi manhajar ta fi ganewa. Ƙungiyar ɗalibai, cikin kuɗin da muke biya, a ware Asabar ɗaya a farkon zango a koyar da wannan a ɗakin kwamfuta. 'Yan kimiyyar kwamfuta na nan, za su yi. A gayyato masu shagunan buga takardu na bakin get, domin hannunsu yawancin kundayenmu ke bi, kuma su ma gyare-gyaren nan ba daɗinsu suke ji ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga babi na ɗaya ku ajiye aikinku a fayil guda, ku cire wa malami babin da ya nema. Kafin firintin ku danna F9, ku mayar da shi PDF, sannan ku zauna da biro ku bi duk inda kuka ce "duba", ku tabbatar abin yana inda kuka ce. Ni minti ashirin wannan binciken ke ɗaukata yanzu. Da na yi shi a wancan karon, da ban ci bashin kuɗin mota ba.